Yadda Ake Saita Taku da Daidaita Hed a Babban Injin Buga Bana

Idan aiki ya fara fitowa da layi-layi kamar an ja tsintsiya a kansa, ko ƙananan rubutu na ƙasan bana, wato babban allon talla na leda, suka yi inuwa har ba a iya karanta lambar waya, maganar farko da ke fitowa daga bakin yaran shago ita ce: "Oga, hed ya mutu." Na sha jin wannan a shagonmu da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, na kuma sha ganin an aika kuɗi Kano ko Shomolu ta Legas an sayo sabon hed, wato kan da ke feshin tawada, aka ɗaura, layin bai gusa ko kaɗan ba. Abin yana ci mini rai, don kuɗin da aka zuba zai iya sayen tawada da fleks, wato ledar da ake buga bana a kanta, na wata guda. Mafi yawan lokuta hed lafiyarsa lau, saiti ne ya goce.

Abin da zan koya maka a nan yana da tsari, kuma tsarin ne gaba da komai: duk abin da hannu ke gyarawa a jikin inji, shi ake fara yi, sannan a je ga lambobin kwamfuta. Zan fi karkata ga injinan da suka fi yawa a nan Katsina, masu faɗin mita 1.8 da mita 3.2, masu hed ɗin Epson irin su XP600 da DX5 da i3200, amma hanyar ɗaya ce a Roland da Mimaki da Mutoh, sunayen da ke kan allo ne kawai suka bambanta.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Rula ta ƙarfe mai tsawon mita 1. Kada ka ɗauko tef ɗin tela, yana miƙewa, kuma milimita biyu da zai ci maka sun isa su ɓata duk lissafin. In babu rular, tef ɗin kafinta na ƙarfe zai yi, amma ka fara awo daga santimita 10, ka bar ƙugiyar bakinsa, don tana wasa.

Gilashin ƙara girma. In ba ka da shi, kyamarar wayarka ta isa: ka ɗauki hoto da kusa, ka buɗa shi da yatsu.

Ƙyalle marar gashi, da sandunan goge hed masu soso a kai, da ruwan wanke hed na irin tawadarka, da ruwa mai tsabta a 'yar roba, da safar hannu.

Alanki da sukundireba daidai kusoshin keken hed, wato abin da ke ɗauke da hed yana kai da komo.

Tsofaffin katin ATM guda uku. Kaurin kowanne milimita 0.76 ne, biyu sun ba ka kusan milimita 1.5, uku kuma sun haura 2 kaɗan. Da su za ka auna tsayin hed idan ba ka da ma'aunin tazara.

Fleks ko sitika irin wadda za ka yi ainihin aikin a kanta, a naɗinta, ba guntun da aka yanke aka yar ba.

Littafi da biro. Wannan ba ado ba ne, za ka ga amfaninsa.

Sai wuta tsayayya. Ko ta gari ce ko ta janareto, ta bi ta sitabilaiza, kuma injin ya kasance yana da wayar ƙasa, wato wadda ke janye wutar da ta taru a jikinsa zuwa cikin ƙasa.

ABU BIYU DA KE MOTSI

Inji motsi biyu yake yi. Keken hed yana kai da komo daga hagu zuwa dama yana feshin tawada. Idan ya gama ratsawa, sai fleks ya matsa gaba kaɗan. Wannan matsawar ita muke kira taku. In takun ya gaza, sabon feshi zai hau kan na baya, sai ka ga layi mai duhu. In ya zarce, za a bar fili a tsakani, sai ka ga farin layi. Ka riƙe wannan: duhu gajeren taku, fari dogon taku. Ita kuwa inuwa a gefen rubutu, daga motsin keken take, ba daga taku ba.

1. FARA DA TSABTA

Ka kashe injin, ka zare shi daga wuta. Ka duba wata siririyar leda mai garai-garai da ta ratsa bayan keken daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce ledar inkoda. In ka haska ta za ka ga layuka ƙanana a jere kamar haƙoran mataji. Su keken ke ƙirgawa ya san inda yake. Ƙurar hunturu da hazon tawada suna kwanciya a kanta, sai ƙirgen ya rikice. Ka jiƙa ƙyalle da ruwa kaɗan, ka riƙe ledar a hankali tsakanin yatsu biyu, ka goge ta daga wannan kai zuwa wancan.

Ruwan wanke hed kada ya kusance ta. Wani yarona, da kyakkyawar niyya, ya taɓa goge ta da shi ana saura kwana biyu Sallah, aikin mahaya dawakai jibge a tebur. Layukan suka narke a wuri guda mai faɗin tafin hannu. Duk lokacin da keken ya iso nan sai ya yi wata irin zabura ya tsaya. Sai da muka jira mota daga Kano ta kawo wata.

Bayan ledar, ka goge ƙarfen da keken ke gudu a kai, ka sa masa mai ɗan kaɗan. Ka duba doguwar rola mai kaushi da ke jan fleks daga ƙasa, ka kankare danƙon sitika da ya maƙale mata da tsohon buroshin haƙori. Ka juya ƙananan tayoyin matsi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wadda ta ƙi juyawa ko ta cinye gefe guda, ita ce za ta riƙa karkatar maka da aiki. Ka taɓa bel ɗin da ke jan keken: kada ya yi sako-sako, kada kuma ya yi tauri kamar tsirkiya.

2. ƊORA NAƊI DAIDAI

Ka zaunar da naɗin a tsakiya, ka ja bakinsa ta ƙarƙashin tayoyin har ya sauko gaba, ka kama tsakiyarsa da hannu ɗaya ka ja, ɗaya hannun yana riƙe da naɗin ta baya, har sai ya miƙe ba tattara, sannan ka sauke tayoyin. Ka manna guntun salatif a kan faranti, wato shimfiɗar da fleks ke kwanciya a kai a ƙarƙashin hed, daidai gefen fleks ɗin, ka tura shi gaba kamar mita biyu, ka dawo da shi. In gefen ya bar wurin salatif, ɗorin ya karkace, ka sake. Idan za ka yi aiki da na'urar naɗewa ta gaba, ka ɗaura ta tun yanzu, don jan da take yi yana canja taku.

3. ZAFI DA TSAYIN HED

Ka kunna hita yadda za ka yi aiki, ka ba ta kamar minti goma. Ledar bugu, fleks ko sitika, tana buɗewa da zafi, wanda ya saita inji a sanyi zai ga wani abu daban bayan ya ɗumama. Sitika tana son wajen digiri 35 zuwa 45. A bazarar Katsina, watan Afrilu, ɗakin kansa ya kusa kai wannan zafin, don haka ka rage, in ba haka ba za ta kumbura ta taɓa hed.

Tsayin hed kuwa, ga sitika milimita 1.5 zuwa 2, ga fleks mai kauri 2 zuwa 2.5. Ka kashe injin, ka turo keken da hannu kan fleks, ka zura katunan a ƙarƙashin gefen ƙarfen keken, ba ƙarƙashin fuskar hed ba. Fuskar nan ko farce bai kamata ya taɓa ta ba. Ka auna a hagu, a tsakiya, a dama. In ka samu bambanci a fili, farantin ne bai kwanta ba ko ƙafafun injin ba su daidaita a ƙasa ba, kuma babu lambar da za ta gyara wannan. Da zarar ka tsayar da tsayin, kada ka sake taɓa shi har ka gama.

4. GWAJIN NOZUL

Ka buga gwajin nozul, wato ƙananan ƙofofin da tawada ke fita. XP600 yana da layi 6, kowanne ƙofa 180. DX5 layi 8 ne, jimilla 1440. i3200 kuma 3200, kamar yadda sunansa ya nuna. Kowace ƙofa tana buga ɗan gajeren layi, su jeru kamar matakala. Ka duba da gilashi: akwai giɓi? Akwai wanda ya kauce daga sahu?

In akwai, ka yi wanki mai sauƙi, ka sake gwadawa. In ka yi sau biyu ko uku bai cika ba, ka daina, yawan wanki ɓarnar tawada ne kawai. Ka duba kaf ɗin da hed ke kwanciya a kai ko yana kama iska, ka duba robar waifa mai share fuskar hed, ka duba damfa, wato 'yar ma'ajiyar tawada da ke saman hed, ko iska ta shiga. Hanyar gane bambanci: in giɓin yana canja wuri bayan kowane wanki, iska ce ko tawada ba ta isowa, in yana wuri ɗaya kullum, toshewa ce. Kada ka wuce nan da nozul mai giɓi, domin farin layinta zai yaudare ka ka ɗauka taku ne.

5. TSAYUWAR HED

Wannan shi ne na ƙarshe cikin aikin hannu. Ana so layin ƙofofin hed ya miƙe sak da hanyar da fleks ke tafiya. A manhajar da ke tuƙa injin, irin su PrintExp, ka shiga sashen saiti ka buga Vertical Check. Zai fitar da dogayen layuka a tsaye, kowanne an haɗa shi daga ratsawa da yawa. In hed ya miƙe, za ka ga layi ɗaya santal. In ya murɗe, kowace gaɓa za ta ɗan kauce daga ta samanta, kamar haƙoran zarto.

Ka sassauta kusoshin da ke riƙe da hed kaɗan, ba cirewa ba, ka juya kusar saiti kwata ɗin zagaye, ka ɗaure, ka sake bugawa. Wajen ɗaurewa ka bi su a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don in ka danne ɗaya gaba ɗaya za ta ja hed ɗin ta ɓata abin da ka gyara. Wasu injinan ba su da kusar saiti, sai dai ka tura da yatsa a hankali. Yana ɗaukar haƙuri.

Gargaɗi mai tsada: kada ka taɓa zare ko soka faffaɗar wayar hed alhali akwai wuta a injin. Ka kashe, ka zare soket, ka jira minti biyar. Kuma kada ɗigon tawada ko ruwa ya sauka a bakin wayar. Nan take hed da bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, za su iya ƙonewa tare.

In layin ya fito santal tun farko, ka bar alanki a aljihu.

6. SAITA TAKU

Yanzu muka iso kan lambobi. Kafin ka canja ko ɗaya, ka ɗauki hoton allon ko ka rubuta duk lambobin da ke ciki. In ka ɓace, da su za ka dawo gida.

Sunan wurin ya danganta da injinka: Step Calibration a injinan Chaina, Media Comp a Mimaki, Calibration a Roland, PF Adjust a Mutoh, Feed Adjustment a Epson. Wasu na HP Latex suna da idon da ke kallon bayan leda yana gyara takun da kansa, amma ba su ne a yawancin shagunanmu ba.

Aikin hawa biyu ne. Na farko shi ne na rula. Ka sa injin ya buga alama, ya tura fleks milimita 1000, ya buga wata alamar. In manhajarka ba ta da wannan, ka zana dogon akwati mai tsawon mita 1 a CorelDRAW ka buga. Ka yanke, ka shimfiɗa a tebur, ka bar shi ya huce, sannan ka auna ba tare da ka ja shi ba. A ce ka samu 996. Yawancin manhajoji suna da gurbin da za ka sa abin da ka nema da abin da ka samu, su yi lissafin. In babu, ka ninka tsohuwar lamba da abin da ka nema, ka raba da abin da ka samu. Misali tsohuwar 2400 ce: 2400 sau 1000, a raba da 996, ya ba ka kusan 2409.6. Ka sa, ka adana, ka sake bugawa, ka sake aunawa. In ka ga ya ƙara nisa maimakon ya matso, injinka yana ƙirga ta ɗaya gefen ne, sai ka juya lissafin.

Kada ka raina milimita 4. A bana mai tsawon mita 6 ta zama milimita 24. Ranar da aka kawo maka babban allon bakin titi da sai an buga shi gida biyu a haɗa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a nan za ka ga hular ɗan takara ta rabu biyu a wurin haɗin, mai aiki yana tsaye a kanka.

Hawa na biyu shi ne na ido. Ka buga gwajin taku na manhajar. Zai fitar da jerin layuka masu lambobi, sifili a tsakiya, na ragi a gefe ɗaya, na ƙari a ɗaya gefen. A kowace lamba akwai layi biyu da ake so su hau kan juna. Ka nemo inda suka zama ɗaya, mafi siranta. In a kan sifili ne, ka gama. In a kan 2 ne, ka ƙara 2 a kan lambar da ke ciki, ba ka goge ta ka rubuta 2 ba. Wannan kuskuren ya kayar da mutane da yawa. Wasu manhajojin suna yin ƙarin da kansu idan ka danna adanawa, ka lura da naka.

Sannan ka tabbatar da shi a kan aiki: ka buga fili mai launi ɗaya, toka-toka ko shuɗi mai haske, faɗin injin gaba ɗaya, tsawon kamu biyu. Ka kashe Feather ko Eclosion kafin nan, domin aikinsa ɓoye layi ne, kai kuma so kake ka gan shi. Ka ja da baya taku uku ka duba. Layi mai duhu, ƙara, fari, rage. Kaɗan-kaɗan.

Abin da mutane ke mantawa shi ne taku ba lamba ɗaya ba ce har abada. Fleks mai kauri da sitika ba sa tafiya iri ɗaya. Fas, wato sau nawa keken ke ratsa wuri ɗaya kafin ya cika shi, ko 4 ne ko 6 ko 8, kowanne yana iya neman ɗan gyaransa. Sabon naɗi mai mita 50 yana da nauyi, yana ja da baya, takun ya gajarta. Idan ya kusa ƙarewa sai ya saki. In injinka ba shi da na'urar warware naɗi, ka riƙa sassauto fleks ɗin da hannu ta baya ya ɗan yi lilo, injin ya daina kokawa da nauyi. Ni na fi son in saita da naɗin da ya kai rabi, ya zama ina tsakiya.

7. LAUNUKA DA HED BIYU

Ka sa injin ya buga ta hanya ɗaya, wato ya yi feshi a tafiya ɗaya kawai, ba zuwa da dawowa ba, ka fitar da gwajin launuka. Baƙi ne ma'auni, sauran su hau kansa. Ka zaɓi lambar da kowane launi ya fi dacewa, na tafiyar hagu daban, na dama daban. Ruwan ɗorawa yana wuyar gani a kan fari. Hasken tocilan mai shuɗi-shuɗi ko hoton waya yana fito da shi. In hed biyu gare ka, akwai tazararsu ta kwance da ta tsaye, ka daidaita na biyu a kan na farko da irin wannan hanya.

8. ZUWA DA DAWOWA

Ka ɗauka kana kan babur a guje ka saki tsakuwa. Ba za ta faɗi daidai inda ka sake ta ba, sai ta yi gaba. In ka juyo ka sake sakin wata a wuri ɗaya, za ta yi gaba ta ɗaya ɓangaren. Haka ɗigon tawada yake. Saitin Bi-direction yana gaya wa injin ya yi feshi da wuri kaɗan ko a makare, don ɗigon zuwa da na dawowa su sauka wuri guda. Roland na kiransa Adjust Bi-Dir, Mimaki kuma Drop Position.

Daga misalin nan za ka gane abu biyu: in ka ɗaga hed, ko ka ƙara gudun keke, tazarar ta canja. Shi ya sa kowane gudu, ƙarami da matsakaici da babba, yake da lambarsa. Ka saita wanda kake aiki da shi, in da hali ka yi duka.

Ka buga gwajin, ka nemo inda layin sama da na ƙasa suka haɗu suka miƙe, ka sa lambar, ka sake bugawa har daidaiton ya dawo kan sifili. In ya faɗa tsakanin lamba biyu, ka ɗauki rabi in manhajar ta yarda. Ka buga shi a hagu da tsakiya da dama. In tsakiya ta yi kyau gefe ya ƙi, ka koma mataki na 1 da na 3, ko ka duba fankar da ke tsotse leda ta kwanta a faranti.

Ga gwajin da nake yi kafin komai idan aka kira ni kan inuwar rubutu: in buga aikin ta hanya ɗaya. In inuwar ta ɓace, wannan saitin ne. In ta rage, ko tsayuwar hed ce ko launuka. In kuma kana ganin feshi kamar hayaƙi a gefen rubutu, musamman cikin hunturu da iska ta bushe har leda na jan gashin hannu, wannan ba saiti ba ne. Ka duba wayar ƙasa, ka sauke hed in ya yi sama da yawa, ka ajiye bokitin ruwa ko ka yayyafa a ƙasan ɗakin, ka rufe ƙofa.

Ranar da aiki ya matse kuma ba ka da lokacin saiti, ka buga ta hanya ɗaya da fas mai yawa. Zai ci kusan ninkin lokaci, amma zai fito.

9. GWAJIN ƘARSHE DA RUBUTAWA

Ka haɗa fayil ɗaya ka ajiye shi don wannan aiki kawai: fuskar mutum, ƙaramin rubutu baƙi a kan fari, farin rubutu a kan baƙi, siraran layuka a tsaye da kwance, fili mai toka-toka, da akwati mai mita 1. Ka mayar da Feather yadda kake aiki, ka buga. Farin rubutu a kan baƙi shi ne mai tona asiri, in gefensa ya fito tsaf ba ja ba shuɗi, ka gama.

Ka danna adanawa, ka fitar da kwafin saitin a filashi, domin ranar da kwamfuta ta lalace da shi za ka tashi. Sannan ka buɗe littafinka ka rubuta kwanan wata, irin ledar da kaurinta, fas, gudu, zafin hita, tsayin hed, lambar taku, lambar zuwa da dawowa. Shafi ɗaya na fleks, ɗaya na sitika, ɗaya na mai huji-huji ta gilashin mota.

Gwajin nozul kowace safiya ne. Taku, duk sanda ka canja irin leda ko ka sayo daga wani dila. Zuwa da dawowa, duk sanda ka taɓa tsayin hed ko gudu. Tsarin gaba ɗaya daga mataki na 1 kuwa, sai in an canja hed ko bel ko ledar inkoda, ko hed ya daki fleks, ko an matsar da injin daga wurinsa, ko kuma ana shirin shiga lokacin cunkoso irin na Maulidi da Sallah da kamfen, tun mako guda kafin layin masu aiki ya fara.